Yadda ake kama waƙa da fiyano mai sitayil a fitar da demo kafin a shiga situdiyo

Waƙa ba ta yin sallama in za ta zo. Takan faɗo wa mutum yana cikin Keke Napep tsakanin Pantami da babbar kasuwa, ko yana kishingiɗe bayan sallar asuba, kuma yadda ta zo haka take tafiya in ba a riƙe ta ba. Na daɗe ina buga fiyano a wani ɗan ɗaki a Bolari, cikin garin Gombe, kuma rabin aikina wannan kamun ne. Mawaƙi ya zo da amshi da baiti biyu a ka, mu zauna awa ɗaya ko biyu, ya fita da abin da zai saurara a waya ya gane ko waƙarsa ta tsaya da ƙafarta ko da sauran aiki. Wannan abin shi muke kira demo. Kamar zanen gida yake a takarda kafin a sayi bulo: ba a kwana a cikinsa, amma shi zai nuna maka ƙofar da ka sa a inda bai dace ba tun gyaranta bai ci kuɗi ba.

Fiyanon da nake nufi shi ne mai sitayil, wanda in ka danna kod, wato madannai uku da ake bugawa tare, da hannun hagu sai ya tayar maka da ganguna da bes da gita gaba ɗaya, su bi ka duk inda ka juya. Yamaha PSR shi ya fi yawa a hannun mutanenmu, tun shekarun 1990 da situdiyoyin waƙoƙin fim na Kano suka rungume shi har kalmar "kiɗan fiyano" ta zauna a baki. Akwai kuma Korg Pa da Casio CT-X. Sunayen maɓallan da zan ambata na Yamaha ne, don shi na fi sabawa da shi, amma aikin kusan ɗaya ne a sauran.

Kayan da za ka tanada

Fiyano mai madannai 61 ya isa. In kana da PSR-S670 ko SX600 ko wani babba, to madalla, za ka iya kashe sassan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki aikinka a filash. In ƙarami ne kamar PSR-E373 ko E463, kada ka raina shi. E463 yana ɗaukar layi shida a waƙa guda, wato ɗauka shida da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya, biyar na hannu ɗaya na sitayil, E373 kuwa layi biyu ne kawai, kuma na sha fitar da demo mai kyau da layi biyun nan. Wanda ba shi da nasa, ya nemi aro ko haya ta 'yan awoyi a wajen masu kiɗan biki ranar da ba su da aiki, galibi tsakiyar mako.

Sai adaftarsa ta asali. A nan mutane suka fi cutar kansu. Ƙananan PSR-E suna cin bolt 12, manyan kamar S670 suna cin 16, kuma kan adaftar laftof yakan shiga ramin ko da ba nasa ba ne. Shigarsa ba ta nufin ya dace. Duba abin da aka rubuta a bayan fiyanon kusa da ramin wutar, ka duba na jikin adaftar, su zo ɗaya. In da janareta kake aiki, sa sitabilaiza a tsakani, kuma ka bari injin ya zauna tukuna kafin ka jona. Ƙananan suna da wata riba da manyan ba su da ita: batir shida na AA suna tayar da su, don haka ɗaukewar wuta ba ta yanke maka tunani.

Ka samu abin sauraro mai rufe kunne, da kan jona mai faɗi, don ramin fiyano ya fi na waya girma. Ka samu filash guda da ba ka ajiye komai a ciki ba, domin in fiyano ya ce zai yi masa fomat, duk abin da ke ciki ya tafi. Wayarka, littafi da biro. Makirfo in fiyanon yana da raminsa, in babu zan faɗi dabara a gaba. Sai ƙyalle ko tsohon zane na rufewa. Ƙurar hunturun Gombe tana shiga ƙarƙashin madannai ta zauna a kan robar da ke ciki, sai ka ga wani madanni ya yi shiru ko ya riƙa ƙara fiye da 'yan'uwansa ko da a hankali ka taɓa shi.

1. Ka kama karin da baki tukuna

Kada ka kunna fiyano. Na san hannu na ƙaiƙayi, amma ka daure. Buɗe abin ɗaukar murya na waya, ka rera abin da ya zo maka yadda ya zo, kana tafi ko kana buga cinya. Ko kalmomin ba su cika ba, cike gurbin da "na-na-na". Sau biyu ko uku ya isa.

Dalilin da ya sa nake dagewa a kan wannan shi ne sitayil yana da ƙarfin hali. Da ka kunna shi kafin karinka ya zauna, kunnenka zai bi gangarsa, bayan minti goma waƙar da ka zo da ita ta narke ta koma wata aba mai kama da waƙoƙi ɗari da aka riga aka yi a kan sitayil ɗin. Wannan ɗaukar ta farko ita ce shaidarka. Duk lokacin da ka ɓata, ka koma mata.

2. Nemo inda muryar take zaune

Yanzu kunna, ka zaɓi sautin fiyano na gama-gari, ba sitayil. Dubi madannai: baƙaƙen suna tafiya biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagun baƙaƙe biyu shi ne C, daga shi D, E, F, G, A, B, sai wani C.

Abin da zai sauƙaƙa maka rayuwa shi ne yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke yawo. Gwada A, C, D, E, G da hannun dama, kana hawa kana sauka, za ka ji kamar ka san waƙar. Baƙaƙen madannai biyar ɗin ma haka suke, in ka buga su kaɗai. Ni da fararen nake koyar da mai farawa, saboda kod ɗinsu sun fi sauƙin kamawa.

To amma muryarka ba lallai ta faɗa a kan A ba. Nan maɓallin Transpose yake aiki: yana ɗaga fiyanon gaba ɗaya ko ya sauke shi, rabin taki a kowace dannawa, yatsunka kuma suna inda suke. Saurari ɗaukarka ta farko, ka lura da sautin da amshi yake komawa ya huta a kansa, yawanci na ƙarshen layi. Riƙe wannan sautin da baki, ka danna A, ka yi ta matsa Transpose sama ko ƙasa har su haɗe kamar murya ɗaya. Rubuta lambar a littafi, misali +2 ko -3.

Sannan ka rera wurin da ya fi tsawo a waƙar da cikakkiyar murya. In jijiyar wuya ta tashi, sauke da taki ɗaya ko biyu. Masu farawa suna zaɓar wuri suna raɗa a ɗaki, ranar situdiyo a ce su buɗe murya sai ta tsage. In mace ce za ta yi amshi, kira ta ta gwada tun yanzu, domin inda ya yi wa namiji daɗi sau da yawa yakan yi wa mace ƙasa ainun ko sama ainun, sai an nemi tsaka-tsaki.

3. Gudu da sitayil

Akwai maɓallin Tap Tempo. Kunna ɗaukarka ta farko, ka buga shi da yatsa sau huɗu daidai da tafinka, fiyano zai fitar da lambar gudun. Rubuta ta. A aikina, waƙar soyayya mai sanyi takan faɗa tsakanin 90 da 105, ta rawar biki kuma takan haura 115, amma bakinka ne alƙali: in kalmomi suna tuntuɓe da juna, gudun ya yi yawa, ko da kiɗan yana daɗi.

Kafin ka shiga lalube cikin ɗaruruwan sitayil, amsa tambaya ɗaya: waƙarka mai huɗu ce ko mai shida? Ƙirga a kan tafinka. In "ɗaya biyu uku huɗu" ya zauna daram, mai huɗu ce, 4/4 ke nan. In kuwa ka ji tana rangaji, kowane taki yana rabuwa uku, "ɗaya biyu uku, huɗu biyar shida", irin tafiyar da kake ji a kiɗan kalangu da yawa da waƙoƙin gaɗa, to 6/8 ce ko 12/8. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Yaro ya zo da kari mai shida, ya ɗora shi a kan sitayil mai huɗu don gangarsa ta burge shi, sai ya riƙa jan wasu kalmomi yana haɗiye wasu don su shiga, kamar mai cusa ƙafa a takalmin ƙanensa. Waƙar ba za ta taɓa zama ba, kuma ba zai san dalili ba.

In mai shida ce, nemi sitayil da ke da 6/8 ko 12/8 ko Shuffle a sunansa. In mai huɗu ce, duba rukunin Latin da World da Dance, da 8Beat da 16Beat na gama-gari. Kada sunan ya dame ka. Sitayil da aka yi don kiɗan wata ƙasa can yakan zama namu tsaf in an cire masa kaya. Wata matsala ƙarama: duk sitayil da ka zaɓa alhali kiɗan yana tsaye, yakan zo da gudunsa ya ture naka. In kiɗan yana tafiya ka canza, gudun yakan tsaya inda ka sa shi, don haka bar shi yana bugawa kana juyawa kana rera amshi a kai.

Ka ba kanka iyaka. Sitayil biyar ka gwada, ka ɗauki wanda ya fi kusa. Na taɓa ɓata yini guda cur ina neman wanda ya dace ɗari bisa ɗari, da magariba ta yi na koma kan na biyu da na gwada da safe.

4. Sauke wa jakin kaya

Sitayil na Yamaha sassa takwas ne: ganguna biyu, bes, kod biyu, shimfiɗa ɗaya mai dogon sauti, da 'yan kwalliya biyu. An yi su don mutum ɗaya ya cika zauren biki, don haka sun yi wa demo yawa. A manyan PSR danna Channel On/Off, ka kashe komai sai ganguna da bes. Rera a kai. In akwai rami, dawo da kod ɗaya. Yawanci nan nake tsayawa. 'Yan kwalliyar nan biyu na ƙarshe, masu kakaki da gita mai surutu, su ne suke sa waƙar Hausa ta yi ƙamshin wata ƙasa, kuma su ne suke shiga bakin mawaƙi.

In ƙaramin fiyano ne da ba ya kashe sassa, kashe ACMP, maɓallin da ke sa bes da sauran kayan kiɗa su bi kod ɗinka, ka bar ganguna kaɗai, ka buga bes da kanka da hannun hagu. Ko kuma ka rage ƙarar sitayil sosai daga cikin Function.

Zancen kalangu kuwa, in fiyanonka ba shi da sautinsa, ɗauki konga ko tom, ka buga kana lanƙwasa sautin da ƴar tayar da ke gefen hagu. Ba zai yaudari makaɗi ba, amma zai nuna wa mai situdiyo inda kake so kalangu ya yi magana. Ni dai na fi son in bar wurin fili, ranar aikin gaske a kira mai kalangu na gaske.

5. Kod

Kunna ACMP. Fiyano ya rabu biyu ke nan: hagu na ba da umarnin kod, dama na kari. A Yamaha iyakar tana kan F# na biyu daga hagu sai in ka matsar da ita. Danna Sync Start, kiɗa zai jira har ka taɓa kod na farko.

Kod biyar za su kai ka nesa a kan sautukan nan biyar da muka zaɓa. Am shi ne A, C, E. G shi ne G, B, D. F shi ne F, A, C. C shi ne C, E, G. Dm shi ne D, F, A. Gidan shi ne Am: daga shi ake fita, gare shi ake dawowa.

Wanda yatsunsa ba su saba ba ya sa fiyano a Single Finger. A Yamaha madanni ɗaya yana ba da kod mai haske, wato C ko F ko G. In kana son mai duhu irin Am, danna A tare da baƙin madannin da ke hagunsa. Casio ba haka yake ba, shi madanni na dama ake ƙarawa, don haka wanda ya koya a wannan ya koma wancan sai ya rikice. Dabarar yatsa ɗaya tana fitar da kai kunya yau, amma ka koyi yatsu uku cikin makonnin farko, domin su suna aiki a kowane fiyano.

Yadda ake nemo kod kuwa, riƙe Am ka rera amshi gaba ɗaya a kansa ba tare da ka motsa ba. Za ka ji wuraren da ya zauna lafiya da wuraren da kunne ya ce a'a. A wurin da ya ƙi, duba sautin da muryarka ta daɗe a kai. In D ne, gwada G ko Dm, don dukansu suna da D a ciki. In C ne, gwada F ko C. In G ne, gwada G ko C. Ka canza kod a farkon ƙirge, a kan "ɗaya", kuma ka ɗan riga shi da ƙiftawar ido, domin fiyano sai ya karanta yatsunka kafin ya juya bes. In ka makara za ka ji bes ya yi wata 'yar shaƙuwa.

Kada ka ji kunyar kod biyu. Waƙoƙinmu na gargajiya da yawa ba su san canjin kod ba sam, kari da ganga da magana ne suke riƙe su. Am da G kaɗai sun ɗauki waƙoƙi masu yawa daga farko har ƙarshe. Wanda ya koyi kod bakwai jiya yakan so ya zuba su duka yau, sai waƙar yabo ta koma kamar atisayen makaranta.

6. Tsara ginin a takarda

Kowane sitayil a manyan PSR yana da Main A, B, C, D, daga mai sauƙi zuwa mai cika, da Intro uku na shiga da Ending uku na fita da 'yar gangarar ganga da ake kira fil. Ƙananan suna da A da B kawai, sun kuma isa. Ni baiti a A ko B nake sa shi, amshi a C. D sai amshin ƙarshe, in ma an kai can. Kunna Auto Fill In, duk lokacin da ka canza sashe ganga za ta yi gangara da kanta.

Intro na biyu da na uku ka guje su. Suna zuwa da karinsu da kod ɗinsu, dogaye ne, kuma duk mai irin fiyanonka ya san su. Yi amfani da na farko, ko ka bar ganga ta zagaya sau biyu ka shiga.

Rubuta tsarin da zagaye, wato kowane ƙirge cikakke zagaye ɗaya ne: shiga 4, amshi 8, baiti 8, amshi 8, sarewa 4, baiti 8, amshi 8, fita. A ƙarƙashin kowanne rubuta kod ɗinsa. Demo ba ya bukatar baitoci bakwai ɗin da ka rubuta. Biyu sun isa a gane waƙa, minti biyu zuwa uku. In waƙar biki ce mai jerin sunayen dangin amarya da na ango, yi baiti ɗaya na misali, sauran a kan gadonsa za su kwanta.

Da ka gama, ajiye saitin a Registration Memory. Maɓallai takwas ne a S670: danna Memory, danna lamba ɗaya, ya riƙe sitayil da gudu da sautuka. Sannan ka ajiye bankin kansa, wato fayil ɗin da ke riƙe da maɓallan takwas, da suna, in ba haka ba wani saitin zai hau kansa.

7. Ɗauka

Hanya biyu ce, kuma ya kamata ka san bambancinsu. MIDI ba sauti yake ɗauka ba, umarni yake rubutawa: wane madanni aka danna, yaushe, da wane ƙarfi. Shi ya sa fayil ɗinsa ƙanƙane ne, kuma bayan ka gama kana iya canza gudu, ka canza sauti, ka goge layi ɗaya ka bar saura. WAV kuwa sautin ne kansa, minti ɗaya yana cin kusan megabayit 10, kuma abin da ya shiga ya shiga. Da MIDI ake farawa, WAV a ƙarshe.

Zagayen farko hannun hagu kawai. Danna Rec, danna Sync Start, ka bi takardarka kana canza kod da sashe, kana rera waƙar a zuci ko a hankali. Kada ka haɗa da karin hannun dama, taura biyu ba ta taunuwa. In ka yi kuskure ɗaya ƙarami, wuce. In ka ɓata tsari, sake daga farko, minti uku ne.

Ajiye nan take. Ba bayan ka saurara ba, ba bayan ka ƙara sarewa ba. Wata rana da zafin Afrilu mun gama shimfiɗar wata waƙa da wani yaro daga Kumo, ta yi kyau har muna tafawa, na ce bari in ƙara layi ɗaya kafin in ajiye. Wuta ta ɗauke. Da ta dawo mun sake bugawa, kod ɗin duk suna takarda, amma wani ɗan jinkiri da na yi kafin amshi na biyu, wanda shi ya ba ta daɗi, har yau ban sake samo shi ba. Ka kuma sani fiyano da yawa suna kashe kansu in an bar su kamar rabin awa ba a taɓa ba. Ka tafi sallar la'asar ka tsaya gaisawa, ka dawo ka tarar da allo baƙi. Ana iya kashe wannan saitin, amma ajiyewa ta fi.

Zagaye na biyu, zaɓi wani layi, ka buga karin waƙar da sarewa ko wani siririn sauti, da 'yan amsoshin da ke cike tsakanin layukan mawaƙi. Inda murya take magana, hannu ya yi shiru. Inda ta numfasa, hannu ya amsa. Haka mai kalangu yake yi da mawaƙinsa.

Akwai Quantize, mai jawo bugun da ya kauce ya dawo da shi kan layi. Yana da amfani ga bes da ganga. Amma in waƙarka mai shida ce, ka tabbata ka zaɓi awo mai rabon uku, wanda ake sa wa lamba 3 a gefe. In ka zaɓi na huɗu zai tattake rangajin gaba ɗaya. Sarewa kuwa ban cika taɓa ta da shi ba.

8. Murya

In fiyanonka yana da ramin makirfo, kamar SX600 ko S970, jona, ka daidaita ƙarfin shiga yadda fitilar ba za ta yi ja ba in ka ɗaga murya. Sa filash, kunna MIDI ɗin, ka ɗauki WAV kana rerawa. Amon nan mai sa murya kamar a cikin rijiya, sa kaɗan. Yawansa yana ɓoye kuskure, demo kuwa don a ga kuskure ake yin sa.

In babu ramin makirfo, fitar da kiɗan kaɗai a WAV, ka tura waya, ka buɗe shi a manhaja irin BandLab, ka sa abin kunne mai waya ka rera a wani layi. Kada ka yi amfani da na bulutut, yana jinkiri, muryarka za ta riƙa bin kiɗa a baya. E373 da E463 suna iya tura sauti kai tsaye ta wayar USB zuwa kwamfuta, ko zuwa waya in kana da mahaɗin da ya dace.

In duk wannan babu, akwai hanyar talaka, kuma tana aiki. Rage ƙarar sifikar fiyano, ajiye waya kamar taƙi ɗaya daga bakinka, fiyano yana ɗan nesa, ka rera. Gwada na daƙiƙa ashirin ka saurara, ka matsa har murya ta hau kan kiɗa. Kashe fanka. Ɗaki mai katifa da labule ya fi ɗakin da babu komai, kuma bayan isha'i ko sassafe unguwa ta fi shiru. Amshi kuwa, in ba ka da 'yan amshi, rera shi sau biyu a layi biyu.

9. Bar ta ta kwana, sannan ka saurara da kunnen baƙo

Washegari saurara a sifikar waya, domin a nan mutane za su ji ta. Abin da za ka fi sa wa kunne shi ne kalmomi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma kari yana iya juya ma'ana. Wani ƙanena a sana'a ya kawo waƙa mai layin da ke cewa ya kwana yana kuka. Karin da ya ɗora ya ɗaga gaɓar farko ya saukar da ta biyu. Na ce masa, "Ƙanena, kukan ido kake nufi ko kukar miya?" Ya ce, "Haba Yaya, ai kowa zai gane." Na ce ya kunna wa masu shayin bakin layi. Bai daɗe ba ya dawo yana dariya, ya ce gyara za a yi. Sauti ɗaya muka ɗaga, layin ya miƙe. Haka dogon wasali da gajere: in kari ya ja inda harshe bai ja ba, kunnen Bahaushe zai ji ko bai san sunan laifin ba. Masu sa baitin Fulatanci a tsakiya, abin da ya zama ruwan dare a nan Gombe, su ma su kunna wa mai harshen kafin su wuce.

Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka faɗi layin da magana, sannan ka rera shi. In hawa da saukarsu sun yi hannun riga, kari za a gyara ko a canza kalma. Tunda MIDI ne, gyaran ba ya cin komai: sauke gudu da uku, ɗaga Transpose da ɗaya, cire zagaye huɗu da suka yi yawa, sake ɗaukar murya.

10. Abin da za ka riƙa zuwa situdiyo

Abu huɗu: demo mai murya, kiɗa zalla a WAV, fayil ɗin MIDI, da takarda mai gudu da lambar Transpose da kod da tsari. Ka gaya wa mai haɗa kiɗan cewa a A ka buga amma da Transpose kaza, don ya san ainihin inda waƙar take. In ka buga a Am da +2, a wajensa Bm ce.

Ka sa rai MIDI ɗin zai yi wani iri in ya buɗe shi a manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase, tunda sautukan suna cikin fiyanonka, ba su bi fayil ɗin ba. Gangunan Yamaha suna layi na 9 da na 10, in bai sa musu sautin ganga ba zai ji fiyano yana ta shirme. Amfanin fayil ɗin a wajensa shi ne bes da kod da tsari, ya ɗora nasa sautukan a kai.

In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, kada ka kunna ka ɗauka da saƙon murya, don matse shi ake yi. Sa wa kowane fayil suna da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wuri biyu, filash da imel ɗinka. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, aiki yana samun kariya ne in an ajiye shi a wani abu da za a iya ji ko gani, kuma demo mai kwanan wata yana taimaka maka ranar da aka yi gardamar wa ya riga wa. Wanda ba ka yarda da shi sosai ba, tura masa amshi da rabin baiti, daƙiƙa arba'in, sauran ya ji su in kun zauna.